Myron a Bakin Raga

Ranar Litinin da ƙarfe goma na safe, a tsakiyar watan Janairu, mijin yayata, Myron Dubyk, ya miƙe tsaye a ɗakin taron da ke saman filin ƙanƙara na garinmu, Halbrook, ya gyara zaman wandonsa a kan tumbi, ya ce shi ma yana son aikin.

Aikin da ake magana a kai shi ne na babban manajan Ɓaunaye, ƙungiyarmu ta hoki, wasan da ake buga ɗan faifai da sanda a kan ƙanƙara. Mai riƙe da shi ya ajiye bayan Kirsimeti, ya ce gwiwoyinsa sun gaji da sanyi, ya koma bakin teku wajen 'yarsa. Ƙungiyar ta gari ce, ba ta wani attajiri ba, don haka mu bakwai da ke kwamiti ne za mu zaɓi wanda zai riƙa nemo 'yan wasa, ya musanya su, ya sallame su. Ni ce sakatariya, saboda ni ke kula da laburaren gari, kuma laburaren a jikin ginin filin yake, duk abin da ya faɗi a can ina jin ƙararsa.

Mutum biyu ne suka nema. Akwai Vern Tessier, dattijo mai furfura, wanda ya riƙe ƙungiyoyi biyar, kuma duk biyar ɗin korarsa aka yi. Akwai Colette Fiddler, wadda ta yi wasa a jami'a, ta daɗe tana mataimakiyar manaja a nan, amma ba ta taɓa riƙe ragama da kanta ba. Kwamiti ya rabu uku da uku. Masu son Vern suna cewa tsohon hannu ya san inda ramuka suke. Mu masu son Colette muna cewa ya san su ne don ya faɗa cikin kowanne. Na bakwai, wanda ƙuri'arsa za ta raba gardama, shi ne Myron, mai sayar da taraktoci.

"Ku saurara da kyau," in ji shi. "Ku kuna son tsohon hannu, ku kuma kuna son sabon jini. To ga ni. Ban taɓa riƙe ƙungiya ba, ke nan sabo ne ni fil. Kuma shekara talatin ina tafiyar da ƙungiyar nan daga kujerata ta bayan raga, ke nan babu wanda ya kai ni daɗewa. Biyu a farashin ɗaya."

"Ihu kake yi daga kujerar nan, Myron," na ce.

"Ihun ma shawara ce, Sakatariya. Da ana bin ta, da yanzu an rasa inda za a jera kofuna. Mutumin da ya iya karɓar tsohuwar tarakta ya ba da sabuwa, musayar 'yan wasa ce za ta gagare shi? Kuma kada ku manta, ni na san wasan nan daga cikin raga."

Kowa ya sunkuyar da kai, don mun san abin da zai biyo baya. Babu mahaluki a Halbrook da bai ji labarin ba: yadda Myron yana ɗan shekara goma sha bakwai ya tsare raga a wani wasa, aka yi ta yi masa ruwan bugu bai bar ko ɗaya ya wuce ba, har wani mutum mai doguwar kwat, wai mai nemo wa manyan ƙungiyoyi 'yan wasa, ya bi shi ɗakin canja kaya. Da ba don mahaifinsa yana bukatarsa a gona ba, da yanzu a talabijin muke ganinsa. Yawan bugun da ya tare kuwa ƙaruwa yake yi kowace shekara, kamar tumbinsa.

Gahawa ta huce, yunwa ta fara taɓa mutane. Shugaban kwamiti ya ce a ba shi riƙon ƙwarya zuwa Lahadi, ranar ƙuri'a, sannan a sa sunansa cikin masu nema.

"Mako ɗaya ne fa," in ji shugaba. "Me mutum zai iya ɓatawa a mako ɗaya?"

Talata da safe Myron ya shiga ɗakin 'yan wasa zai yi musu jawabi, da sabuwar hula da takarda a hannu. Ya nemi tsakiyar ɗaki ya tsaya, daidai kan hoton kan ɓaunan da ke jikin kafet. Ɗan yaye ma a garin nan ya san ba a taka kan ɓauna. Ɗakin ya ɗauki gunaguni.

"Mista Dubyk," in ji kyaftin, "ƙafarka."

Myron ya duba ƙasa, ya ɗauke ƙafar dama daga hancin ɓauna, ya sauke ta a kan idonsa. Jawabin bai samu shiga ba. Hukuncin ɗakin ya hau kansa kamar kowa, ya fita ya sayo wa mutum ashirin donat, ya dawo yana cewa ai dama dabara ce ta jawo su jiki.

Laraba ya leƙo laburare yana murmushi har kunne.

"Ƙanwata, rubuta wannan a tarihi. Na samo mana Brody Maas, babban mai zura ci na ƙungiyar Pike Narrows."

"Me ka ba su?"

"Rémi."

Na ajiye littafin da ke hannuna. Rémi Gauthier shi ne golanmu na ɗaya. Kamar sauran 'yan wasan da ba 'yan gari ba, a gidan mutane yake zaune, kuma gidan da yake zaune shekara uku ke nan shi ne gidan mahaifiyarmu, wadda duk gari ke kira Baba Halya, wato Kaka Halya a yaren kakanninmu. A tsohon ɗakina yake kwana. Shi ke kwashe mata ƙanƙarar ƙofar gida, ita kuma tana ɗura masa firogi, 'yan ƙullin fulawar nan masu dankali a ciki, har sai ya ce a yi masa rai.

"Gola biyu gare mu, raga ɗaya," in ji Myron. "Ga Rémi, ga Dustin. Ɗaya yana wasa, ɗaya yana zaune yana cin abincin banza. Ina hankali a nan?"

"Kai da kake sayar wa manomi tarakta ta biyu, kana ce masa ko ta farko za ta tsaya ranar girbi?"

"Wannan tarakta ce, Larysa. Mutum ba ya tsayawa."

"Ka gaya wa Mama?"

Murmushin ya ɗan ragu. Ya ce harkar ƙungiya ba harkar kicin ba ce.

Da rana motar Pike Narrows ta zo ta ɗauki Rémi, yana share hawaye da safar hannu, Mama tana tura masa jakar firogi daskararru ta taga. Ta dai tsaya a kan titi har motar ta ɓace, sannan ta tambaye ni ko Myron zai zo cin abinci gobe kamar kullum.

Brody ya iso Alhamis da hantsi, ƙato kamar ƙofar rumbu. Myron ya kai shi shagon gahawa na kan babban titi don gari ya gani. Vern yana zaune a kusurwarsa da jarida, don tun da ya nemi aikin ya kama ɗaki a otal yana jiran Lahadi.

"Kyakkyawan yaro," in ji Vern. "Ka tambaye su ko zai iya wasa?"

"Zai iya wasa? Mutumin da ya fi kowa ci a gasar nan?"

"Ba abin da na tambaya ba ke nan."

Brody ya sosa ƙeya, ya ce ai ya ɗauka an gaya wa manaja. An dakatar da shi sai tsakiyar watan gobe, saboda wata 'yar hatsaniya da ta haɗa shi da wani, har haƙoran wancan suka zube a kan ƙanƙara.

"A aikina na biyu aka yi mini wannan," in ji Vern, yana juya shafi. "Shi ya sa na sami aiki na uku."

"Hutu yake yi," in ji Myron da ƙarfi, don teburan baya su ji. "Zai dawo da sabon ƙarfi. Duk cikin tsari ne."

Da yamma muka zauna a teburin Mama. Ta zuba wa yayata Lesia, ta zuba mini, ta zuba wa kanta, da soyayyar albasa da kirim a kai. Ta ajiye faranti wankakke tas a gaban Myron.

"Mama, nawa fa?"

"Na musanya shi."

"Da me?"

"Da wanda ya fi shi daɗi. Amma an dakatar da shi sai tsakiyar watan gobe."

Lesia ta ƙware da ruwa. Mama ta ci gaba da cin abincinta, sannan ta sanar, kamar mai karanta labarai, cewa matan coci sun yi shawara: babu firogi a kantin filin wasa ranar Asabar. Hannuwansu suna ciwo. Dukansu.

Wannan ya fi batun Brody tayar da hankalin gari, don rabin masu zuwa kallo firogin ne ke kawo su. Mai gidan mai ya zuba wa Myron fetur bai ce masa sannu ba. Wanzami ya ce layi ya cika, alhali shi kaɗai ne a shagon yana kallon bango. Wani manomi da ya kusa sayen tarakta ya bugo waya ya ce zai ƙara tunani, yana tsoron kada a kawo masa ita a ce an dakatar da ita.

Juma'a da sassafe Myron ya kira ni da Colette ofis, Vern kuma ya biyo ƙamshin gahawa ya shigo. Fuskar Myron ta koma sheƙi.

"Na gyara. Pike Narrows za su dawo mana da Rémi, mu ba su Dustin. Ku lissafa: na ba da golan da ke zaune, na sami Brody, ga Rémi ya dawo. Gobe yana raga, Mama ta huce, gari ya ci firogi, jibi a yi ƙuri'a. Vern, a aikinka na nawa ka taɓa yin irin wannan?"

Vern ya ce gaskiya cinikin ba laifi. Colette ma ta ce ba laifi.

"Amma ka bari sai bayan wasan gobe ka aika wa ofishin gasa," in ji ta. "Kasuwar musayar 'yan wasa ba ta rufewa sai Litinin. Da zarar sun sa hannu, Dustin ba namu ba ne, ko yana tsaye a ƙofar nan ba zai iya yi mana wasa ba. Rémi kuma tafiyar yini guda ce tsakaninmu da shi, kuma ga shi an ce guguwar ƙanƙara na tafe." Ta nuna masa waya.

"Gwiwata ma ta faɗa, in yanayi zai ɓaci ciwo take yi," in ji Vern. "Kuma ba a sakin na hannu sai na waje ya shigo ya cire takalmi."

Myron ya je taga ya ɗage labule. Sama garau, rana tana ƙyalli a kan rufin motoci.

"Kun ga matsalar kwamiti ke nan," ya ce da ni. "Ɗaya yana jin maganar gwiwarsa, ɗaya tana jin maganar wayarta. Ni ɗan manomi ne, sama nake kallo."

Ya aika. Da kansa ya ɗauki Dustin da jakunkunansa ya kai shi tasha, ya sa shi a bas ɗin arewa, har da ɗaga masa hannu.

Da azahar ƙungiyar da za mu kara da ita ta iso gari, yini guda kafin lokaci, don manajansu da alama yana da gwiwa da waya duka. Kafin la'asar ba a ganin gidan da ke tsallaken titi. 'Yan sanda suka rufe babbar hanya. Can sai ga hoto ya shigo wayar Mama: Rémi da Dustin zaune a teburi ɗaya, a wani masaukin direbobi da ke tsakiyar hanya. Mai zuwa kudu da mai zuwa arewa sun maƙale wuri guda, an ɗumama musu firogin Mama, suna ɗaga cokula.

Asabar da safe aka taru a ofis, kwamiti da koci da duk wanda ya iya haƙo motarsa. Aka nemi golan makarantar sakandare, ashe suna wani gari gasa, su ma hanya ta rufe su. Aka nemi golan ƙungiyar tsofaffi, ashe makonsa biyu da aka sa masa sabon ƙugu a asibiti. Alƙalin wasa ya ce shi ba zai ɗage komai ba, ƙungiyoyi biyu suna gari, ƙanƙara tana nan. Colette ta ce doka a fili take: ko mu sa wa wani kayan gola, kowane ne, ya sa hannu a kwantiragin yini ɗaya, ko a ba baƙi wasan kyauta a kuma hukunta mu.

"To sai a nemi wani matashi," in ji Myron.

Ƙofa ta buɗe, Mama ta shigo da ƙanƙara a kafaɗa, Lesia na biye da ita.

"Me ake nema?"

"Gola, Baba," in ji koci.

"Gola? Ga gola a gida kuna wahalar da kanku? Tun ranar da ya zo neman auren 'yata nake jin labarin nan a teburina. Har mai doguwar kwat na san shi kamar ɗan'uwana." Ta juya ga shugaba. "In surukina ne zai tsaya a raga, hannuwanmu sun warke. Za mu dafa."

Duk ɗakin ya juya ga Myron.

"Ai wasan ya canja," ya ce. "Yadda ake tsaron raga a zamaninmu daban ne."

"Faɗin ragar bai canja ba," in ji Colette.

"Ga ciwon bayana kuma."

"Shekaranjiya ka ce da hannu ɗaya ka ɗaga tayar tarakta," in ji Lesia.

"Manaja ba ya shiga wasa. Ba a taɓa yi ba."

"Ai kai sabon jini ne," in ji Vern. "Kuma tsohon hannu."

Na miƙa masa biro. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya karɓa.

A hanyar fita Lesia ta ja ni gefe. Ta ce uwar Myron ta taɓa gaya mata gaskiyar zance. Hunturu ɗaya tak ya yi yana gola, kuma an sa shi ne don duk cikin yaran shi kaɗai ne bai iya tafiya da takalmin ƙanƙara ba, aka ce ya je ya riƙe raga. Mai doguwar kwat kuwa, mai kayan golan ne da aka aro, ya biyo sawun abinsa.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Labarin yana sa shi barci da wuri," in ji ta.

Ƙarfe biyu na rana fili ya cika har matakala. Wasu a kan taraktocin da Myron ya sayar musu suka zo, suna ture ƙanƙara. Na zauna kusa da Mama, Vern da Colette suna bayanmu da faranti ɗaya a tsakaninsu.

Golayen biyu sun tafi da kayansu, sai wasu tsofaffi aka tono a sito, masu warin ɓera. An ce mutum uku suka ɗaure shi a ciki. Da ya fito bakin ƙofa ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙanƙara, ƙafar ta tafi ta bar shi. 'Yan wasa biyu suka miƙa masa sanda ya riƙe, suka ja shi har raga kamar motar da ta mutu a hanya. Da aka sa taken ƙasa, kowa ya tsaya ƙyam, shi kuwa hannu biyu ya rungume ƙarfen raga.

Kafin a fara, al'ada ce kowane ɗan wasa ya zo ya ɗan bugi matashin ƙafar golansa da sanda, don sa'a. Na farko ya buga, Myron ya yi tangaɗi. Na huɗu ne ya kai shi ƙasa. Ya kwanta rigingine yana wutsil-wutsil kamar kunkurun da aka kife, sauran kuma suka ci gaba da zuwa suna bugunsa a kwance, don ba a barin al'ada a rabi.

Bugun farko daga tsakiyar fili aka yi shi, a hankali, irin na gwaji. Myron ya rufe ido ya tsuguna. Faifan ya bi ta tsakanin ƙafafunsa ya shige, ya kwanta a raga.

"Wannan salon zamaninsu ne," in ji Vern.

"Ina rubutawa," in ji Colette.

Na biyu ya faɗi dama, faifan ya bi hagu. Na uku ya faɗi hagu tun kafin a buga, mai bugun ya tsaya ya jira shi ya gama faɗuwa, sannan ya ɗaga faifan ta samansa. Daga na biyar baƙin suka daina murna. Ɗaya daga cikinsu ma, da ya zura, ya tsaya ya miƙa wa Myron sandarsa da ta faɗi, ya ce yi haƙuri, baba.

Can sandar ta sake suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, daidai lokacin wani ya sako bugu kamar harsashi, faifan ya daki kwalkwalinsa, ƙarar ta kai har kanti. Ya tare! Fili ya miƙe gaba ɗaya. Wanzami yana tsalle, mai gidan mai yana kiran sunansa. Myron ya miƙe a hankali, ya juya ga jama'a, ya ɗaga hannu biyu sama, ya rusuna wa ɓangaren dama, ya juya zai rusuna wa na hagu. Ba a busa usur ba. Ɗan wasan baƙi ya ɗauki faifan a gefen ƙafarsa ya tura raga.

"Ashe mai kwat ɗin ya san abin da ya gani," in ji Mama, tana miƙa mini firogi.

An tashi zangon farko takwas da nema. A zango na biyu golaye kan canja raga, don haka aka sake jan shi zuwa wancan ƙarshen, jama'a suna tafa masa a kan kowane layi da ya tsallake. Aka ƙara masa uku kafin mutane su gama zama.

Vern ya goge baki. "A aikina na huɗu na taɓa ganin kocin da ya cire gola tun tsakiyar wasa, ya sa ɗan wasa na shida. Ban san ko doka ta bari a nan ba."

"Ta bari," in ji Colette. "Cewa ta yi a sa wa wani kayan gola. Ba ta ce sai ya tsaya a raga ba."

Suka dubi juna. Ta miƙe ta sauka matakala da gudu, ta leƙa ta bayan benci ta yi wa koci magana a kunne. Cire gola abu ne da ake yi a mintin ƙarshe, in an rasa yadda za a yi. Koci ya duba agogo, ya duba Myron da ke rungume da ƙarfe, ya ɗaga hannu ya yafito shi.

Bencinmu a zangon nan yana can nesa. Myron ya saki raga, ya yi taku biyu, ya zube, ya ga rarrafe ya fi sauri. Da gwiwa da gwiwar hannu ya ratsa filin, 'yan wasa suna kewaye shi, alƙali yana tsallake shi. A bakin benci Brody, da ke zaune cikin kayan gida, ya miƙo hannu ɗaya ya ɗauke shi kamar buhun alkama ya ajiye a ciki.

Muka koma mutum shida, raga ba kowa. Yaranmu da suka ga babu abin dogaro a baya sai suka riƙe faifan suka ƙi saki. Muka ci ɗaya. Muka ci na biyu. Baƙi suka harbo daga nesa, ya daki ƙarfe ya fita. Suka sake harbowa, ya sake dukan ƙarfe. Wani daga saman matakala ya fara, nan da nan duk fili ya ɗauka: "Raga! Raga! Raga!"

"A ba ta kwantiragi!" in ji wanzami.

Daga fitar Myron zuwa tashi, mun ci biyar, an ci mu biyu. Aka tashi goma sha uku da biyar. Da aka zo sanar da gwarzon wasa, mai lasifika ya ce ragar kudu, aka yi mata tafi, wani ya je ya rataya mata gyale.

Na same shi a bakin ɗakin canja kaya, Lesia tana kwance masa igiyoyi, fuskarsa ja kamar gwanda.

"Kin ga wanda na tare da kai?" ya ce.

"Duk gari ya gani."

"Da gangan na sa kan. Kuma fitar nan da na yi, Sakatariya, ni na yi wa koci alama. Ki rubuta."

"Ɗaga ƙafa," in ji Lesia.

Lahadi bayan coci aka buɗe hanya, Rémi ya shigo gari a bayan motar ture ƙanƙara, Mama ta tare shi a ƙofa da tukunya. Da ƙarfe ɗaya kwamiti ya zauna. Colette ta sami ƙuri'a shida, bisa sharaɗin Vern ya zauna mata mai ba da shawara har ƙarshen kaka, su biyun kuma suka yarda. Myron ya sami ƙuri'a ɗaya.

Kafin kasuwa ta rufe ranar Litinin, Colette ta samo gola na biyu. Ofishin gasa kuma ya aiko da sabon umarni, cewa kowace ƙungiya ta ba da sunan mutum ɗaya na cikin gari wanda zai shiga raga in golayenta biyu sun kasa. Ta ba da sunan Myron, tun da shi kaɗai ne a Halbrook da ya taɓa yi.

Tun daga ranar, kowace safiya kafin ya buɗe shago, yana biyawa gidan Mama ya zuba gishiri a matakala don ƙanƙara ta narke, kada Rémi ya zame, sannan ya wuce gidan da sabon golan yake ya zuba a nasu.